Yadda ake gane ko marubuci yabo yake ko gatse

Ƙanwata, kin ce kina gane labarin tsaf amma da an tambaye ki a jarrabawar WAEC wace irin murya marubucin ya yi amfani da ita, wato yabo yake ko gatse ko fushi, sai kanki ya ɗaure. Ni ma wallahi na sha wannan wahalar.

Fara da kalmomin da ya zaɓa. Wanda ya rubuta "tsohon ya rasu" da wanda ya rubuta "tsohon ya sheƙa barzahu" mutuwa ɗaya suke ba da labari, amma na farko da girmamawa, na biyu ko a jikinsa. Sannan ki duba halin da ake ciki, uwa ta tarar da 'yarta kwance rana tsaka ga wanke-wanke jibge ta ce mata "sannu da aiki", ai kin san gatse ne, haka yake a rubutu. Ki riƙa karantawa da ƙarfi, kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa shi ne su ɗauki fushin tauraron labari a matsayin na marubuci, ko su kawo jigo, wato babban saƙon labarin, a maimakon murya. Habaici da zambo kuwa suna da zurfi, musamman a waƙa, wannan ki kai wa malaminku na adabi ku bi baiti-baiti.