Wayar ƙasan keji ce ta cinye mini zomaye

Assalamu alaikum. Malam, tun daren jiya na ga tambayarka, cewa ka samu zomaye mata biyu da namiji ɗaya, mai walda ya ce zai haɗa maka keji da wayar kaji cikin sauƙin kuɗi, kana so ka ji ko za ta yi, in kuma ba za ta yi ba wace iri za ka nema. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin kamar ni ne na rubuta ta shekara huɗu da suka wuce. Bambancin kawai ni ban tambayi kowa ba.

Ba za ta yi ba. Don girman Allah kada ka yarda. Wayar kaji an yi ta ne don ta tsare kaza kada ta fita, kaza kuwa ba ta da haƙori. Zomo haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu, dole ya yi ta gwaguya, kuma wannan siririyar wayar mai ido mai kusurwa shida da aka murɗa ba a narka ba, da zarar ya tsinke zare ɗaya sai ta fara warwarewa kamar tsohuwar tabarma. Wannan ma daga ciki ke nan. Na wajen, kare da gafiya, ba sa ma ɗaukarta a bakin komai.

Bari ka ji abin da ya same ni. Mai waldar da na bai wa aiki abokin yayana ne, tun ina yaro nake gaishe shi, shi ya sa ko ciniki ban yi ba. Na ce masa keji mai ɗaki huɗu, na ce masa na zomaye ne, na maimaita. Ya ce in bar masa komai, ya sha yi. Na ba shi kuɗin waya daban, kuɗin ƙarfe daban, ladan aiki rabi. Ranar da aka kawo kejin a amalanke sai walƙiya yake yi, har maƙwabta suka fito kallo. Ashe fentin azurfa ya fesa wa baƙar waya don ta yi kama da galbanaiz, wato wayar da aka lulluɓe da zinki don kada ta yi saurin tsatsa. Gefe wayar kaji, ƙasa kuma wata raga mai ido inci ɗaya kowane ɓangare, siririya, in ka danna da tafin hannu sai ta lotsa. Na danna kuwa, na ji ta lotsa, amma kunya ta hana ni magana. Wannan kunyar har yau ina jin haushinta.

Wata huɗu ba a cika ba kusurwar da suke fitsari ta yi ja. Ka san zomo waje ɗaya yake zaɓa ya mayar banɗaki, fitsarinsa kuma yana cin ƙarfe ba kaɗan ba. Na gani, na ce sai an yi albashi.

Akwai wata fara, irin da ake kira New Zealand, mai jan ido, yarana suka sa mata suna Amarya. Ita ce ta fara haihuwa, 'ya'ya takwas, duk suka rayu, abin da ba kowa ke samu a haihuwar fari ba. Sun buɗe ido wajen kwana goma, sun kai kwana goma sha takwas sun fara leƙowa daga akwati suna tsalle-tsalle. Cikin watan Agusta ne, aka kwana ana ruwa, ƙarar kwano ta hana mu jin komai. Na dawo daga sallar asuba na haska fitila kamar yadda na saba. Malam, abin da na gani ba na yi wa maƙiyi fatan gani. Kare ya shigo ta inda katanga ta zube, ya shiga ƙarƙashin kejin, duk ɗan da ƙafarsa ta zura ta idon ragar ya kama ya ja. Kusurwar nan mai tsatsa ya yage ta. Uku babu su sam, ko gashi. Biyu suna nan a mace. Biyu da ransu amma babu ƙafafun baya, suna numfashi, ni da hannuna na ƙarasa su don ba zan iya kallo ba. Ɗaya ne kawai ya tsira, shi ma don ya maƙale a bayan akwati. Ita uwar ta takure a lungu, yatsunta biyu sun tafi, jini ya bushe a gashinta, ko motsi ba ta yi. Ina tsugune ina tattarawa a buhu sai ga ƙaramar 'yata ta fito da ganyen dankali a hannu, don kullum ita ke ba su kafin ta tafi makaranta. Ban san ta iso ba sai da na ji ihunta. Yarinyar nan ta yi sati ba ta bi ta bayan gida ba. Amarya kuwa ta daina cin abinci, kwana biyar ta bi 'ya'yanta.

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ni ma ban yi fushi da kare ba, kare halinsa ya yi. Na ɗauki yagaggiyar wayar na tafi shagon mutumin nan. Ko kashe injin bai yi ba. Ya ɗaga tabarau ya duba ya ce, to ai ƙaddara ce, kuma dama zomo ba ya jure keji. Na ce masa ina kuɗin wayar da na ba ka, wannan ko rabinsa ba ta kai ba. Ya ce kaya sun tashi. Yaransa na shago suna ta dariya ƙasa-ƙasa. Sannan, ka ji ƙarfin hali, ya tuna mini cewa akwai cikon ladansa da ban ba shi ba. Na biya, saboda yayana ya sa baki ya ce kada a ɓata zumunci a kan zomo. A kan zomo! Har gobe in mun haɗu a wajen ɗaurin aure sai ya tambaye ni ya kiwo, yana murmushi. Allah ya isa ban ce ba, amma ban ce na yafe ba.

To ka ga dalilin da nake cewa kai za ka je kasuwa da ƙafarka ka sayi wayar, ka kai masa, ka tsaya a kansa. In kana Kano ka shiga Ƙofar Ruwa wajen masu kayan gini, ka zagaya shago uku ko huɗu kafin ka ciro kuɗi. Ka ce wayar da aka haɗa da walda kake so, mai ido murabba'i mai tsawo. Ta ƙasa ita ce ran kejin: ido rabin inci a inci ɗaya, kauri geji 14, wato kusan milimita 2. Ka riƙe wannan, lambar geji tana ƙaruwa waya tana sirancewa, 16 ta fi 14 siranta, wayar kaji kuwa tana can wajen 20. Masu shago da yawa ba sa ma kiran lamba, sai su ce mai kauri ce, don haka ka lanƙwasa bakinta da yatsa. In ta bi ka cikin sauƙi, ajiye musu abinsu. Wannan idon na rabin inci kashi yana faɗawa ƙasa, ƙafar ɗan zomo kuma ba ta zurawa. Wadda ta fi shi ƙanƙanta, irin ta taga ko mai rabin inci kowane gefe, kashi ke toshe ta, ya taru ya jiƙe, daga nan sai gudawa ta shiga 'ya'ya. Kuma wajen shimfiɗawa, fuskar da zarenta suka fi kusa da juna ita ke kallon sama, ita ce ta fi daɗin taku. Wannan wani dattijo ne da ya daɗe yana kiwo a wajen Shika, kusa da Zariya, ya nuna mini, da ban taɓa lura waya tana da gaba da baya ba.

Ka kankare ta da makulli ma. Galbanaiz na gaske ba ya ɓarewa, fenti kuwa nan take zai bi makullin. In ka dace da wadda aka tsoma a ruwan zinki bayan an gama waldarta, za ka ga mahaɗanta sun cike sumul, ita ce mai daɗewa, domin tsatsa daga mahaɗa take farawa. Tana da tsada. Saya ko ta ƙasan ce kawai.

Gefe da sama inci ɗaya a inci biyu ya isa, amma a ɗakin uwa ka zagaye ƙasan bango da ƙaramar ragar nan, tsayin inci huɗu, saboda jariri yakan maƙale a nono uwar ta jawo shi waje, ya yi ta rarrafe har ya faɗo ta gefe. Na rasa biyu a haka a sabon kejin ma kafin in gane, wannan kam laifina ne.

Af, maganar kare. Yanzu nawa ƙafafunsu sun kai mita ɗaya daga ƙasa, kuma na sa raga ta biyu mai faɗin ido a ƙarƙashi, tazarar kamar tafin hannu, ta yadda ko ya miƙe bakinsa ba zai kai ga ƙafa ba. Ƙafafun kejin suna zaune cikin gwangwanaye da baƙin mai saboda kwarkwasa da cinnaka. Ƙofa kuma kada ka yarda da ɗaurin igiya ko lanƙwasasshiyar ƙusa, a sa sakata. A yi ta da faɗi yadda akwatin haihuwa zai shiga ba sai an karkata shi ba, tunda a kwana na 28 da ɗaukar ciki za ka sa shi, ita kuma ta haihu wajen kwana 31, lokacin ba a son a yi ta girgiza mata ɗaki. Girman ɗakin uwa ni ƙafa uku a ƙafa biyu da rabi nake yi, tsayi ƙafa ɗaya da rabi. Kada zurfin ya wuce inda hannunka zai kai, in ba haka ba ranar da za ka kama mara lafiya sai ka shige har kafaɗa tana yagar ka.

Ba ka tambayi wannan ba amma zan faɗa, don na ga hoton inda kake son ajiyewa, jikin katangar yamma. Zafin Maris zuwa Mayu ya fi kare kisa. Zomo ba ya gumi kamar mu, da kunne yake fitar da zafi, in aka haura digiri 30 sai ka ga ya miƙe yana haki, namiji ma yakan daina ba da ciki na ɗan lokaci. Kwano kai tsaye a kan keji tanda ce. Ka nemi gindin darbejiya ko mangwaro, ko ka ɗaga rufin ka shimfiɗa zana a kai. Ni ɓallin tayil nake sa wa kowane ɗaki, suna kwanciya a kai saboda sanyinsa, kuma yana hutar da dunduniya. Masu nauyi in suka daɗe a kan waya zalla, musamman mai kaushi ko mai lotsawa, gashin dunduniyarsu ke zubewa ya zama gyambo, kuma warkewarsa wahala. Shi ya sa za ka ce a gitta rodi a ƙarƙashin ragar duk bayan ƙafa ɗaya, kada ta yi ciki.

In katako za ka yi wa firam saboda kuɗi, ba laifi, amma wayar ta kasance ta ciki, katakon ta waje. In ba haka ba za su cinye shi, fitsari kuma ya shige shi ya riƙe wari. Kuma idan an gama, kafin ka zuba ko ɗaya, ka ɗauki tsohon tsumma ka goga ko'ina, ciki da bakin ƙofa. Duk inda ya kama tsumma zai kama kunne ko ido. Mutumin nan haka ya bar mini tsinin waya a bakin kowace ƙofa, tabon yana nan a hannuna na dama, kullum in ina alwala sai na gan shi.

Namijin ɗakinsa daban tun yau, kuma macen ake kai masa, ba shi ake kai mata ba, don a ɗakinta faɗa za ta yi da shi. Shi ɗan da ya tsira a bayan akwati, namiji ne, yana nan, shi ne uban kusan duk waɗanda nake da su yanzu. Har yau in ya ji haushin kare ko daga nesa sai ya yi ta buga ƙafa a ƙasa.

In ka shiga kasuwar, kafin ka biya ka ɗora makulli ko biro a kan ragar ka ɗauki hoto ka turo, in ga girman idon da kaurinta. Kuma kada ka ba mai waldar ladansa duka sai ka danna ƙasan kejin da tafin hannunka ka ji bai lotsa ba, ko da kawunka ne.