Shin akwai takardar da ke hana kwastam taɓa kaya a kan iyaka?

Tambaya: Ina da ƙaramin injin matse man gyaɗa a Gombe, kuma ina son in fara kai mai Maraɗi da Garwa. Wani dillali ya ce zai samo mini "takardar AfCFTA", wato ta yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki tsakanin ƙasashen Afirka, wadda ke wuce da kowane kaya ba haraji, har in yi lodin shinkafa a dawowa. Na riga na ba shi kafin alƙalami, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Alhaji, rashin kwanciyar hankalin nan naka yana kan hanya, don haka kada ka cika masa sauran kuɗin. Da farko, Maraɗi da Garwa ba doka ɗaya ke tafiyar da su ba. Kamaru, inda Garwa take, ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka tsarin ƙungiyar na sauƙaƙa ciniki, wato ETLS, bai kai Garwa ba. Nijar kuwa ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025, ko da yake ECOWAS ta ce a ci gaba da mu'amala da kayansu bisa tsohon tsari har sai an sake sanarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan zance da nake ji kullum, cewa yarjejeniya ta buɗe iyaka, kowa ya shigo da abin da ya ga dama. Ba haka ba ne. AfCFTA, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, aka kuma buɗe ciniki ƙarƙashinta a Janairun 2021, rage haraji take yi mataki-mataki, kuma a kan kayan da asalinsu na Afirka ne kaɗai. Asalin kaya shi ne inda aka noma su ko aka sarrafa su, ba inda aka yi lodinsu ba. Shinkafar Tailan da aka sauke a Kwatano, ko an canza mata buhu sau goma, ta Tailan ce, kuma irin wannan fasa-ƙwauri ne ya sa aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ranar da jami'an kwastam suka tare motar, da shinkafar da motar za su riƙe, dillalin kuma wayarsa a kashe za ka same ta. Abin takaici, masu yaɗa wannan magana a tasha ko sunan yarjejeniyar ba su iya faɗa daidai ba, amma mutane na miƙa musu jarinsu.

Man gyaɗarka kaya ne da aka sarrafa, saboda haka a tsarin ETLS sai an amince da kamfaninka da shi kansa man, ta hannun kwamitin da ke Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, kafin a ba ka shaidar asalin kaya. Kafin nan kana bukatar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da lambar NAFDAC, da rajistar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, sannan ka cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinka. Na yarda hanyar tana da jan ƙafa, ofisoshin ma suna da nasu laifin, domin jinkirinsu ne ke samar wa dillalai kasuwa. Ka koma wurin mutumin nan ka tambaye shi sunan hukumar da za ta sa hannu a takardarsa, idan ya fara kame-kame ka nemi kuɗinka a gaban shaidu.