Tambayi Likita: Jiki zai iya ƙin ƙarfen da aka sa a ƙashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na yi haɗarin babur, ƙashin cinyata ya karye, aka yi mini aiki aka sa ƙarfe da kusoshi. Kawuna ya ce jiki ba ya zama da baƙon abu, wai wata rana zai ƙi shi kamar yadda jikin wasu ke ƙin ƙodar da aka dasa musu. Hankalina ya tashi. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Kawu ya gwama abu biyu daban. Ƙoda naman wani ce, tana ɗauke da alamomin da garkuwar jiki ke ganewa cewa ba nata ba ne, shi ya sa wanda aka dasa wa yake shan maganin danne garkuwa har ƙarshen rayuwarsa. Ƙarfe ba shi da waɗannan alamomi, don haka ba a rubuta maka wannan magani ba.

Amma jiki bai yi biris da shi ba. Cikin 'yan mintuna da sa shi, sinadaran furotin na jini sun lulluɓe ƙarfen. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil ne ke fara isowa, sai makrofaj, masu haɗiye datti da ƙwayoyin cuta. Da makrofaj ɗin suka tarar ƙarfen ya fi ƙarfin haɗiya, sai su narke cikin juna su zama ƙatuwar ƙwaya guda, su manne a jikinsa. Bayan makonni, jiki ya saƙa masa siririyar riga ta farin nama mai tauri ya killace shi, kamar yadda yake yi wa ƙayar da ta daɗe a tafin ƙafa. Duk lokacin da muka buɗe don cire ƙarfe, wannan farar fatar muke fara yankawa kafin mu kai ga kusoshi.

Akwai ma ƙarfen da ƙashi ke runguma. A 1952 wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa taitaniyam a ƙafar zomo, da ya zo cirewa ya tarar ƙashi ya manne da shi gam. A 1965 ya fara dasa wa mutum haƙora a kan wannan ƙarfe.

Ni abin da nake jin tsoro shi ne ƙwayar cuta, musamman Staphylococcus aureus da ke zaune a fatar mutane da yawa. In ta samu ƙarfe, sai ta yi masa wani yauƙi ta ɓuya a ciki, inda garkuwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ke wahalar kai mata. Yawancin abin da mutane ke cewa "jiki ya ƙi ƙarfe" wannan ne. In ka ga wurin ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, yana zafi ko yana tsattsafo da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya kama ka, koma asibiti a ranar. Kada a tsaga, kada a shafa komai. Mai ciwon suga da mai shan taba sun fi shiga wannan haɗari.

Maganar cirewa kuwa, in ba ya damunka ba dole ba ne. Likitan da ya yi aikin zai duba hoton ƙashi tukuna, ya tabbatar karayar ta haɗe.