Amsar tambayarka kan sanyaya iskar injin da aka ɗora wa sufacaja

Ɗana,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso ni, na kuma ji daɗin da ka tsaya tambaya kafin ka sayi komai. Ka ce za ka ɗora wa motarka sufacaja, wato na'urar da ke matsa iska ta tura wa inji don ƙarin ƙarfi, kana so ka riƙa hawanta yau da kullum, wani lokaci kuma ka shiga filin tsere da ita, kuma duk makaniken da ka tuntuɓa magana ɗaya yake faɗa maka: idan sufacajar mai zama a kan inji ce, da ruwa ake sanyaya iskarta, idan kuwa mai siffar dodon koɗi ce da ake ɗaurewa a gefe, iskar waje ake bari ta yi aikin. Kana son sanin ko wannan al'ada tana da tushe, ko kuwa an taras magabata suna yi ne kawai aka bi sahu.

Tana da tushe, domin ruwa ba ya tsami banza. Sai dai tushen nata ba fifikon ruwa a kan iska ba ne, kamar yadda wasu ke zato.

Ka fara riƙe wannan: duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi, kuma ka san haka tun kana yaro, lokacin da gindin famfon keke yake ɗaukar ɗumi a hannunka. Idan zafin gari digiri 30 ne a ma'aunin Selshiyos, sufacaja kuma ta ƙara matsin bar 0.7, wato kusan psi 10, to ko da na'urar ba ta da wata asara ko kaɗan, iskar za ta fito da zafin kusan digiri 80. Babu na'urar da ba ta asara, saboda haka wadda ingancinta ya tsaya a kashi 60 cikin 100 za ta fitar da iskar da ta haura digiri 110. Iska mai zafi ba ta da kauri, abin da ke shiga silinda ya ragu ke nan, amma idan ka sauko da ita daga 110 zuwa 50, kaurinta yana ƙaruwa da kusan kashi 18 cikin 100. Illa ta biyu ta fi wannan muni, domin zafi yana sa fetur ya fashe da kansa a cikin silinda ba tare da ya jira wutar fulogi ta kai gare shi ba, kuma wannan fashewar ce ke cinye bakin fistin, ta ƙone gaskit. Kwamfutar mota tana jin alamar haka sai ta ja taimin baya, wato ta jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta, don ta ceci inji, kai kuwa sai ka ji mota ta yi nauyi kana taka totur ba ka san dalili ba.

To, ga inda al'adar ta samo asali. Sufacajar da ake kira Roots, ɗaya daga cikin masu zama a kan inji, 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi mata rajista a 1860, kuma ba don mota ba, an daɗe ana hura wa murhun narka ƙarfe iska da ita kafin a kai ta kan inji. Ita da 'yar'uwarta mai murɗaɗɗun sanduna biyu, wadda Alf Lysholm na Suwidin ya inganta a shekarun 1930, suna zama ne a tsakiyar inji mai siffar V, bakinsu dab da inda iska ke shiga silinda. Babu tazarar da za a ja bututu zuwa gaban mota a dawo da shi, shi ya sa ake cusa ƙaramin intakula mai ruwa, wato na'urar sanyaya iskar da aka matsa, a cikin gidan sufacajar kanta, famfo kuma ya kai ruwan zuwa wani ɗan lagireto a bayan bamba. Haka aka yi wa Corvette ZR1 ta 2009 mai ƙarfin doki 638, haka ma Dodge Hellcat ta 2015 mai 707. Ita kuwa mai siffar dodon koɗi, irin ta kamfanin ProCharger ko Vortech, dama ta bututu take fitar da iskarta, don haka bi da bututun ta gaban mota ba wani aiki ba ne. Ka ga ashe wurin zama ne ya haifi al'adar. Akwai ma waɗanda suka saɓa mata suka zauna lafiya, kamar Ford Thunderbird Super Coupe ta 1989 da Mini Cooper S ta 2002, dukansu Roots ce a kansu, da iskar waje kuma ake sanyaya su.

Abin da nake so ka tsaya a kansa shi ne halin ruwa, domin a nan yawancin matasa ke ruɗuwa. Kilo ɗaya na ruwa yana shan zafin da ya ninka na kilo ɗaya na iska fiye da sau 4 kafin ya ɗumama daidai da ita, shi ya sa intakula mai ruwa yake ƙarami amma ya yi aikin babba. Sai dai ruwa ba ya kashe zafi, ajiya kawai yake karɓa, kuma dole ya mayar da ita ga iskar waje ta ɗan lagireton nan na gaba. Zafin ya tsallaka sau biyu ke nan, daga iska zuwa ruwa, daga ruwa zuwa iska, kowane tsallake kuma da ɗan abin da yake ragewa. Idan lagireton gaba ya yi ƙanƙanta, ruwan yana ɗumama a hankali, takun farko mota ta tashi kamar za ta bar ƙasa, na biyu ta ɗan sassauta, a na uku kuwa ruwan ya riga ya ƙoshi, ba ya karɓar komai.

Na taɓa yin kwana uku ina neman abin da ke damun wata mota da aka kawo mini, wadda take da ƙarfi da safe amma ƙarfin ya mutu murus bayan tafiyar mintoci. Na duba fulogi, na duba fambel, na duba hanyar fetur, ban sami komai ba. Daga ƙarshe na ɗora tafin hannuna a kan lagireton gaba na ji shi sanyi ƙalau, alhali murfin sufacajar ba ya taɓuwa don zafi. Famfon yana kukansa yadda ya saba, amma iska ce ta maƙale a cikinsa, ruwa ko ɗigo ba ya zagayawa. Da muka ɗaga tiyo muka fitar da iskar, na tsaya ina kallon kumfa tana tasowa a bakin tanki har ta ƙare, sannan lagireton ya fara ɗumi a hannuna. Tun daga ranar ban ƙara yarda da kukan famfo ba sai na ga ruwa yana motsi da idona.

Intakula mai aiki da iskar waje ba shi da famfo, ba shi da ruwan da zai zuba ko ya daskare, kuma muddin mota tana gudu yana zubar da zafinsa kai tsaye, shi ya sa na fi natsuwa da shi a doguwar tafiya da kuma tseren da ake zagaya fili na mintoci ashirin ko talatin. Nasa aibin shi ne ba ya iya sauko da iska ƙasa da zafin gari, a cikin cunkoso ba ya samun abin da zai sha, yana tare wa lagireton inji iska, kuma kowace kwana ta bututu tana cin wani abu daga matsin da ka wahalar da inji wajen samarwa. Kada girma ya ruɗe ka. Matsakaici wanda aka toshe gefunansa yadda iska ba za ta sulale ta kewaye shi ba ya fi ƙato wanda rabinsa ke ɓoye a bayan bamba.

Za ka ji ana yabon tankin ƙanƙara da ake sanyaya ruwan intakula da shi. Gaskiya ne kilo ɗaya na ƙanƙara yana shan kilojul 334 kafin ya narke, kuma da shi ake sauko da iska ƙasa da zafin gari, amma wannan na masu tseren rubu'in mil ne, waɗanda aikinsu ke ƙarewa cikin daƙiƙoƙi goma ko ƙasa da haka. Dodge Demon ta 2018 ma don irin wannan tsere aka karkatar da sanyin na'urar sanyaya cikin mota zuwa ruwan intakula. Fesa ruwa haɗe da metanol cikin iskar da ke shiga inji kuwa tsohuwar dabara ce, Jamusawa sun yi amfani da ita a jiragen yaƙin duniya na biyu da sunan MW 50, kuma tana aiki. Amma ban yarda ka saita inji yadda ransa zai rataya a kanta ba, domin ranar da tanki ya ƙare ko bakin feshin ya toshe kana tsakiyar taku, fistin ne zai biya.

Ga shawarata game da motarka. Idan ka ɗauki mai siffar dodon koɗi kuma akwai wuri a gaba, ka bi al'ada ka sa na iska, ka huta. Idan mai zama a kan inji ka zaɓa, ruwa ne rabonka, amma ka sa kuɗinka a lagireton gaba mafi girma da wurin zai ɗauka, da famfo mai ƙarfi, ka kuma ware wannan ruwa daga ruwan inji, wanda shi kansa yake aiki a wajen digiri 90. Kada ka cika masa maganin daskarewa fiye da abin da yanayi ya tilasta, domin yana rage wa ruwa ƙarfin ɗaukar zafi. Kada kuma ka yi gaggawar sa ƙaramin fuli, wato faifan da bel ke juya sufacaja da shi, don ƙarin matsi, saboda sufacajar da aka juya fiye da kima zafi take ƙara maka fiye da iska.

Kafin ka kunce komai, ka tabbata sansar zafin iska tana bayan intakula ne ba gabansa ba. Idan an gama haɗawa, ka kai motar fili da rana tsaka, ka taka ta sau uku a jere ba tare da hutu ba, ka rubuta zafin gari da zafin iskar da ke shiga inji da yawan taimin da kwamfuta ta janye a kowane taku, ka aiko mini mu duba tare. Ka gaida mahaifinka da mutanen gida.

Baffanka.