Kunun kanwa da ƙwayoyin zogale: amsar Gwaggo

'Yata, saƙonki ya iso. Ƙaninki ne ya karanta mini bayan sallar isha'i, shi na kuma zaunar yake rubuta wannan, don idanuna sun daina jituwa da ƙananan rubutun waya. Na yi dariya har sai da na ƙware. Ke da ko naƙuda ba ki fara ba, wai kina tambaya ko dole ne mai jego ta sha kunun kanwa, ko kuwa ƙwayoyin zogale da garin haɗin jego da wata ke talla a WhatsApp za su wadatar. Zogale a kwalba! Ga shi can bayan ɗakina, awaki na miƙa wuya suna ci ba ko sisi. Amma da ya kai inda kika ce a wurin awo an ce jininki ya ɗan hau, sai dariyar ta tsaya mini a maƙoshi. Daren ban yi barcin kirki ba.

Haihuwata ta fari a bazarar 1976 ce, wata biyu bayan an kashe Janar Murtala. Tun cikin yana wata bakwai aka mai da ni gidanmu goyon ciki, can ƙauyenmu ta wajen Giwa, hannun kakarmu Iya. Ba ki riske ta ba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma in ta daka tsawa har zakara sai ya yi shiru. Kafin in sauka, mijina ya tara itace ya kai tsawon katanga, don a lokacin ta tulin itacen wanka ake gane mijin da ya san darajar matarsa. Da assalatu za ka ji tukunya na tafarfasa. Iya ta zaunar da ni a kan turmi a kife, ta tsoma damin ganyen darbejiya a ruwan nan mai tururi ta fyaɗa mini a baya, safe da yamma. In na yi ihu ta ce, "Jikin mai jego ɗanye ne, in ba a gasa shi ba sanyi ya shige shi, sanyi kuwa ba ya fita sai da likkafani." Daga wanka sai ƙwaryar kunun kanwa, mai kauri, ya sha citta da kanumfari da masoro da kimba. Ta ce kanwa ke wanke ciki, ita ke kawo ruwan nono. Ba a tambayar dalili. Da tsohuwar zuma ake magani, shi ke nan an rufe magana.

To, a gidan nan mu biyu ne masu jego, ni da 'yar kawuna, tsakaninmu kwana tara. Tare muka yi tallan fura, tare aka sa mu a lalle. Ita ta fi ni haƙuri nesa ba kusa ba. Ni in Iya ta juya baya nakan tuttular da rabin kununa a gindin rumbu in tura ƙasa da ƙafa, don ɗacin kanwar na tayar mini da zuciya. Ita kuwa sai ta shanye tas ta lashe ludayi, kullum da ita ake yi mini gori. Ɗakinta akwai gadon ƙasa irin wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa, a kai take kwana, cikin zafin nan na bazara da ko ƙadangare neman inuwa yake.

Wajen sati na huɗu ƙafafunta suka fara kumbura. Aka ce jego ya karɓe ta, ta yi ƙiba. Sai fuska ta bi, awarwaron hannunta ya nutse a nama. Wata rana da tsakar dare na fito kewayawa na ji tari daga ɗakinta, na leƙa. Tana zaune ta jingina da bango, bakinta a buɗe, numfashi sama-sama kamar wadda ta yi tsere, jaririn na kuka a gefe ta kasa ɗaukarsa. Ta ce mini in ta kwanta ji take kamar an danna kanta a rijiya. Na tashi Iya. Iya ta taɓa ƙafar, yatsanta ya lotsa, ramin ya ƙi tashi. Ta ce sanyi ne ya samu kafa. Da gari ya waye aka ƙara itace, aka ƙara kanwa, har da ungurnu da aka aika aka sayo musamman.

Kwana uku ana haka. Kawu ne, Allah ya jiƙansa, ya shigo ranar kasuwa ya gan ta, bai yi shawara da kowa ba ya fita ya tare motar da ke ɗaukar buhuna zuwa Zariya. A zaune aka tafi da ita a kan buhun masara, don ba ta iya kwanciya. Iya ta bi motar har bakin rafi tana faɗa, wai za a kai mai ɗanyen jiki inda ake wanka da ruwan famfo. A asibiti aka yi mata wata allura, uwarta ta ce kwana ta yi tana fitsari, kwano bayan kwano, kafin asuba awarwaron ya fara motsi a hannunta. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji, ya hana kanwa, ya hana gishiri mai yawa, ya hana gadon wuta. Bayan sati uku ta dawo a rame kamar ba ita ba, amma da ƙafarta ta shigo gida. Iya ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, tsofaffin da ba sa faɗin haka. Sai dai da na zo haihuwa ta biyu na lura kanwar da take jefawa a kunu ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba wanda ya sake hura wuta a ƙarƙashin gadon nan.

Sai da muka koma Tudun Wada na yi maƙwabtaka da wata ma'aikaciyar jinya, ita ta warware mini abin. Ta ce kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, ta tayar da jini. Ga zuciyar da ta yi wata tara tana aikin mutum biyu, ga zafin wanka da na gado, sai kaya ya yi mata yawa. Ta ce likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun ga irin wannan da yawa a matan ƙasar Zazzau a shekarun 1970, har suka yi rubutu a kai. Ashe rashin jin da ake yi mini faɗa a kansa ne ya rufa mini asiri. Kanwa uwar gami, in ji masu magana, ko da yake su wani abu daban suke nufi.

Kada ki ɗauka ina zagin jego. Kwana arba'in ban ɗora tukunya ba, ban taɓa taɓarya ba, ko tsintsiya Iya ba ta bari in ɗauka. Aka kawo kauri, ƙafafun sa an dafa su har sun narke, na sha romo na ci tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, ga kwaɗon zogale da rama da ƙuli-ƙuli, ga kunun gyaɗa da tsamiya. Mata suna shiga suna fita, ba a barina ni kaɗai da tunani. Ku kuwa yanzu sati biyu kun ɗaure ciki kun koma aiki, karin kumallo shayi da burodi, rana taliyar leda, dare lemon kwalba, sannan a ɗauki dubban nairori a sayi ƙwaya wai ta cike giɓi. Me ke cikin garin haɗin nan, kin sani? Mai sayarwar ma ta sani? In babu lambar NAFDAC a jiki, kuma ba a rubuta abin da aka haɗa ba, ta yiwu kanwar da kike gudu ita ce rabinsa. Ganyen zogale abinci ne, ki ci a kwaɗo ki ci a miya. Saiwarsa da ɓawonsa kuwa ko a zamaninmu ba a ba mai ciki. Jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ku a awo, waɗannan ki sha su, kuma kada ki kora da shayi, maƙwabciyar nan tawa ta ce shayi na hana jiki ɗaukarsu. Zuma ma, in jaririn ya iso, kada kowa ya lasa masa sai ya cika shekara, ko da surukarki ce ta zo da ita a kwalba.

Na san abin da ke cin ranki ke nan, surukar, ko da ba ki rubuta ba. Kina tsoron a ce an auro 'yar boko mai raina al'ada. Wannan ki bar mini, sa'ata ce, tare za mu zauna a tabarma ɗaya, ita ma ai ta ga abin da na gani a nata garin. Ke dai ki koma wurin awo ki faɗa musu duk abin da kike sha, har na kwalbar in kin riga kin saya, ki ji me za su ce game da jinin nan.

Ki ce wa mijinki ya turo mota da watan haihuwa ya kama. Zan zo da gerona da tsamiyata da daddawa, ruwan wanka kuma ni zan sa gwiwar hannu in gwada kafin ya taɓa jikinki. Ki kuma tambaye shi ko ya san ma inda ake sayar da ƙafar sa a garin naku, don kauri kam ba zan yafe masa ba.