Manhajar da na haɗa a Power Apps ta koma neman lasisi, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, mu 40 ne, kowa yana da Microsoft 365. Na haɗa 'yar manhaja a Power Apps, dandalin Microsoft na haɗa manhajoji, don rubuta kayan da ke shiga sito da fita. Wata shida tana aiki lafiya lau. Da na kwashe bayanan daga SharePoint, ma'ajiyar da ke cikin Microsoft 365, na mayar rumbun bayanai na SQL Server, sai ta koma ce wa duk wanda ya buɗe ta ya nemi lasisi ko ya fara gwaji. Maigida ya ce ai muna biya duk wata. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maigidanka bai yi ƙarya ba, kuna biya. Sai dai abin da kuke biya bai kai inda ka kai manhajar ba.

Power Apps ɗin da ke zuwa cikin Microsoft 365 yana da iyaka, kuma iyakar tana kan wurin da bayananka suke zaune. Manhaja tana ɗebo bayanai ne ta hanyar mahaɗi (connector), wato abin da ke sada ta da ma'ajiyar bayanan, Microsoft kuma ya kasa mahaɗan gida biyu. Na gama-gari, irin su SharePoint, Excel, OneDrive da Outlook, suna cikin kuɗin da kuka riga kuka biya. Na musamman, waɗanda ake maƙala wa tambarin Premium, sun haɗa da Dataverse, Salesforce, duk mahaɗin da mutum ya ƙera da kansa, da SQL Server, wanda aka mayar wannan rukunin a watan Oktoban 2019. Mahaɗi ɗaya tak na musamman ya isa ya sauya matsayin manhajar gaba ɗaya. Ka buɗe shafin bayananta, za ka ga an rubuta Premium a gurbin lasisi.

Ga inda mutane suka fi faɗawa rami: ba wanda ya haɗa manhajar kaɗai ake caja ba. Duk mai buɗe ta sai da nasa lasisin. Gwajin da take tayi kuwa na kwana 30 ne, yana ƙarewa a dawo gidan jiya.

Lasisin Power Apps Premium dala 20 ne a wata kan kowane mutum (kafin Oktoban 2021 dala 40 ne), kuma mai shi zai buɗe manhajoji ko nawa ne. In aka saya wa ku 40, dala 800 ke nan duk wata. Da canjin da ake ciki, na san fuskar da maigida zai yi.

Amma tsakani da Allah, ku 40 ɗin duka ne ke taɓa lissafin sito? Ka ƙirga. Mu ce mutum 12 ne. Premium na mutum 12 dala 240. Akwai kuma tsarin biyan iya abin da aka yi amfani da shi, wanda ake haɗawa da asusun Azure, dandalin Microsoft na hayar kwamfuta da ma'ajiya ta intanet: dala 10 kan kowane mutum da ya buɗe manhaja ɗaya a cikin wata. Su 12 ɗin nan dala 120 ke nan, wanda kuma ya tafi hutu bai buɗe ba, ba a caje shi. Da zarar mutum ya fara amfani da manhaja biyu kuɗin ya zo ɗaya da na Premium, a ta uku kuwa Premium ya fi sauƙi. Waɗannan farashin da aka wallafa ne, ka sa dillalinku ya rubuto maka nasa kafin ka shiga ofishin maigida.

Ni da zan fara tambayarka dalilin barin SharePoint. In saboda manhajar ta daina nuna dukkan kayan ne, yawanci laifin yadda aka rubuta tacewar ne, wato umarnin da ke zaɓo layukan da za a nuna. Idan SharePoint ba zai iya yin tacewar da kansa ba, Power Apps layi 500 na farko kawai yake dubawa, ana iya ɗagawa zuwa 2,000. Gyara wannan ba ya cin ko sisi. Akwai kuma Dataverse for Teams, ƙaramin rumbun bayanai ne daban da Dataverse na Premium, wanda ke zuwa da yawancin lasisin Microsoft 365, yana ɗaukar gigabait 2, da sharaɗin a cikin Teams za a riƙa buɗe manhajar. Ga sito guda, wannan wuri ne mai yawa.

Dabaru biyu da za a kawo maka, ka ƙi su. Na taɓa zuwa wani kamfani inda aka sayi lasisi ɗaya, aka rubuta kalmar sirrin a takarda aka manna a jikin kwamfutar sito, kowa da ita yake shiga. Ya saɓa wa yarjejeniyar Microsoft, sannan ranar da katan-katan na madara suka ɓace, duk shigarwar da suna ɗaya ta fito, aka rasa wa za a tambaya. Ta biyun ita ce Developer Plan, tsarin masu haɗa manhaja: kyauta ne, amma na koyo da gwaji ne, ba a yarda a ɗora aikin kamfani a kansa ba.

In SQL Server ɗin ya zama dole, misali can manhajar akantanku take ajiye lissafi, ka fara da tsarin Azure na wata biyu ko uku. Takardar kuɗin za ta nuna maka adadin masu buɗewa na gaskiya, da ita za ka san ko lokacin sayen Premium ya yi.