Na sa ChatGPT ya lissafa min bashi, jimilla ta ƙi daidaita

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kasuwar Bacci. Ban iya rubuta manhaja ba, sai na sa ChatGPT ya haɗa min abin da zai riƙa lissafa bashin kwastomomina a Google Sheets, wato shafin lissafi mai layi-layi na Google. Yana aiki, amma jimillar ba ta zuwa daidai da ta littafina. Ina matsalar take? Daga wata 'yar kasuwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Hajiya, duk abin da ba ki faɗa masa ba, cike gurbinsa yake yi da zato, kuma ba lallai ne ya ce miki zato ya yi ba. Ke kin san ana biyan bashi kaɗan-kaɗan, ana dawo da kaya, ana sayen rabin turmi. Shi bai taɓa zama a shagonki ba.

Saboda haka ki ba shi misali daga littafinki, ki sakaya suna. Ki rubuta: "Wance ta ɗauki turmi 3, kowanne naira 18,000, ta biya 20,000, ta dawo da ɗaya, saura 16,000." Ki ba shi irin wannan guda huɗu ko biyar, ki haɗa da masu rikitarwa, kamar wadda kuɗinta ya wuce bashin. Misali ɗaya mai amsa a ƙarshe ya fi dogon bayani amfani. Sannan ki ce kada ya rubuta komai sai ya yi miki tambayoyi, ya kuma maimaita abin da ya fahimta. Da Hausa ma za ki iya, sai dai wani lokaci Hausar tasa kan yi tuntuɓe.

Ki duba kwanan wata ma. A wurinmu 3/4 uku ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuwa huɗu ga Maris, kuma sau da yawa nasu yake bi. Haka lambar waya: idan aka ɗauke ta a matsayin adadi, sifirin farko ɓacewa yake yi, lambobi 11 su koma 10. Ki ce ya ajiye ta a matsayin rubutu.

Idan ya gama, ki yi kwafin shafin, ki gwada da lissafin watan da kika riga kika rufe. Inda aka samu saɓani, kada ki ce masa "bai yi ba" kawai. Ki ce: "Layi na 12 ya ba ni 34,000, ya kamata 16,000." Daga nan zai gane bai cire kayan da aka dawo da su ba. Littafin takardar kuwa ki ci gaba da rubuta shi har sai sun yi wata guda suna ba ki amsa ɗaya.